Ranar da Baba Ya Taka Gidan Surukinsa

Har gobe in aka zauna hira aka taɓo zancen likitocin da suka bar ƙasar nan, sai ka ji wani ya taɓe baki ya ce ai kwaɗayin riyal ne ya kwashe su. Da can nakan yi gardama har jijiyar wuyana ta tashi, yanzu kuwa na gaji, kallon mutum kawai nake yi. Na san waɗanda kuɗi ya ja, ba zan rantse a kansu ba. Amma na san guda ɗaya da ba kuɗi ne ya fitar da shi daga Sakkwato ba, domin mijina ne, kuma da hannuna a cikin abin da ya fitar da shi.

A unguwar Mabera muke zaune a lokacin, gidan haya mai ɗaki uku da bishiyar dogon yaro a tsakar gida. Shi likita ne a babban asibitin gari, ni ma Likita nake ce masa kamar yadda kowa ke faɗa. An yi aurenmu a shekarun da kuɗin man fetur ke tashe, lokacin da mara lafiya zai je asibiti a duba shi a ba shi magani ya dawo gida bai sayi ko auduga ba. Kafin babbar 'yarmu ta shiga firamare abin ya soma ja da baya. Safar hannun da ake tiyata da ita sai an wanke an shanya kamar kayan jarirai. Likita ya koma marubucin jerin sayayya: allura, zare, ruwan ƙari, duk sai dangin mara lafiya sun ruga kanti sun sayo kafin a taɓa ɗan'uwansu. Abokan karatunsa suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, yawanci Saudiyya. Shi kuwa dariya yake musu, yana cewa sun tafi auna hawan jinin attajiran Larabawa. Ya ce a Sakkwato aka yanke masa cibiya, ko da fitilar ƙwai zai yi tiyata ba inda za shi.

Ni 'yar kasuwa ce. Babana yana da rumfar atamfa da shadda a babbar kasuwa tun kafin a haife ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Inna yake kirana, kuma ban taɓa roƙonsa abu ya hana ni ba, abin da ya sa 'yan'uwana ke cewa ni ce na lalace a gidan. Tsakaninsa da Likita kuwa kunya ce irin ta surukai, ta Sakkwatawan da. Shekara tara da aurenmu Baba bai taɓa taka gidanmu ba, ko da ranar suna, sai dai ya aiko. In Likita ya je gaishe shi, tun daga bakin zaure yake cire takalmi, ya tsuguna can nesa, kansa a ƙasa, ko ruwa ba ya iya sha a gabansa. Nakan tsokane shi in ce mutumin da ke tsaga cikin mutane a tiyata ba ko gezau, ga shi yana zufa gaban mai awon yadi.

Sai sojoji suka sake karɓar mulki. Da farko har murna aka yi, aka ce za a gyara ƙasa. Ba a jima ba suka shiga kasuwa da bulala, suna fasa shaguna suna cewa 'yan kasuwa sun ɓoye kaya don su tsawwala farashi. An ga dattawa masu furfura suna tsallen kwaɗo cikin rana. Tsorona na gaske kuwa ta katanga ya shigo mini. Maƙwabciyata malamar firamare ce, Kirista daga kudancin Zariya, muna musayar gishiri da hira ta kan katanga. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, wata safiya aka zo da koriyar mota aka ce ya zo ya amsa 'yan tambayoyi. Sai da ya yi mako uku. Ya dawo da ƙafafunsa, amma kunnensa ɗaya ya daina ji, kuma mutumin da ke cika unguwa da dariya ya koma in mota ta tsaya a waje sai ya miƙe tsaye. Kullum ina ganinsa, kullum ina cewa Allah ya raba mu da shiga motar nan.

Abin ya same mu cikin bazara, irin zafin da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Ranar Laraba Likita ya dawo cin abincin rana, ya zauna gaban tuwo bai ko wanke hannu ba. Na matsa masa, ya gaya mini. Wani dattijo mai sayar da hatsi, abokin Babana ne na ƙut da ƙut, an sami buhunan gero a ɗakin ajiyarsa aka ce ɓoyo ne. An doke shi a kasuwa, aka tafi da shi bariki kwana biyu, da safiyar nan aka kawo shi asibiti yana numfashi sama-sama. Bai cika awa guda ba ya cika a hannun Likita. Likita ya rubuta takardar shaidar mutuwa da abin da ya gani, wato karayar haƙarƙari da zubar jini ta ciki sakamakon duka. Hafsan da ya kawo shi ya karanta, ya ninke ta ya sa aljihu, ya ce a rubuta wata a ce ciwon zuciya ne. Ya ajiye soja biyu a ƙofar ɗakin ajiye gawa, ya ce ba mai ɗaukar mamacin sai sabuwar takarda ta fito.

Na tambaye shi ko ba wani likitan da zai rubuta. Ya ce babbansu ya yi tafiya, na biyun baƙo ne daga wata ƙasa ya ce ba mara lafiyarsa ba ne, kuma hafsan ma hannun da ya rubuta ta farko yake so, don ma'aikatan jinya sun ga abin da ke cikinta. Ni kuwa ban tsaya wani tunani ba, na ce wanda ya mutu ai ya riga ya mutu, takarda ba za ta tashe shi ba, ya rubuta musu abin da suke so mu zauna lafiya.

Ya ɗago ya dube ni. "Ni nit taɓa haƙarƙarin ga da hannuna," in ji shi. "In nir rubuta zuciya, gobe wa za ya yarda da abin da hannun ga yar rubuta?"

Duk wanda ya san Sakkwato ya san ba a barin gawa ta kwana in ba dole ba. Wanda ya rasu da safe kafin azahar an kai shi makwancinsa. To ga dattijo mai 'ya'ya da jikoki ya kwana a asibiti, wuta tana ɗaukewa tana dawowa, ana sayo ƙanƙara ana jerawa. Danginsa suka cika gindin itatuwan asibiti. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya isa ya zagi soja da ƙarfi, sai aka juya kan wanda ake iya zagi. Ranar Alhamis da na leƙa sayen kayan miya na ji da kunnena ana cewa wani likita ɗan boko ya riƙe gawar Musulmi saboda taurin kai. Da suka gane ni sai aka yi tsit, mai tattasai ta riƙa zuba mini gyara ba ta ko duban fuskata.

Da hantsi 'ya'yan mamacin suka zo har ƙofar gida, babban cikinsu ya girmi Likita. Ina jin su ta taga. Likita ya yi musu bayani cewa takardar gaskiya ita ce kaɗai abin da za su riƙe in wata rana mulki ya sauya suka nemi hakkin mahaifinsu. Babban ya ce su ba shari'a suke nema ba, sun bar wa Allah, abin da suke so kawai su wanke tsohonsu su rufe shi. Ya faɗa yana kuka, gemunsa ya jiƙe. Likita ya ba su haƙuri, ya ce su ƙara masa lokaci zai je ya ga manya. Manyan kuwa duk wanda ya je wurinsa sai a ce ba ya nan.

Bayan la'asar ranar nan, Likita yana asibiti, na ji tsayawar mota a ƙofar gida. Na leƙa na ga koriya ce. Hafsan ya yi sallama kamar mutumin kirki. Saurayi ne ma, fari siriri, kakinsa ya sha guga, Hausarsa ba ta Sakkwato ba ce. Ya ce kada in damu, wucewa yake yi ƙishi ya kama shi. Na kawo ruwa a kofin baƙi, rabinsa ya zube a tire kafin in isa. Ya sha a hankali, ya kira babbar 'yata ya tambaye ta ajinsu nawa da sunan makarantarsu, ita kuma yarinya ta zayyana masa duka tana murna. Ya yaba tsabtar gidan. Sai da ya miƙe sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Madam, ki ba maigida shawara. Gobe Juma'a, ina so a yi jana'izar nan da an sauko daga masallaci. In ba a yi ba, sai ya zo bariki ya yi mana bayani. Bayani kuma a wurinmu yakan ɗauki lokaci."

Ya yi godiyar ruwa ya tafi. Ina nan tsaye da tire a hannu maƙwabciyata ta shigo, ashe tana laɓe tana kallo. Ta karɓi tiren ta zaunar da ni, ta ce, "'Yar'uwa, duk abin da za ki yi ki yi, kada ki bari ya shiga motar nan." Ban nemi ƙarin bayani ba, don mijinta yana zaune a bayan katanga.

Da Likita ya dawo kafin magariba na tare shi tun daga ƙofa. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce masa ya fi son takarda a kan 'ya'yansa, na ce masa jarumtar da za ta mayar da ni mai kai abinci bariki ba na son ta. Har na ce zan kwashe yara in koma gidanmu. Ya ce barazana ce kawai, ba za su taɓa likita ba alhali asibiti ba likitoci. Amma na lura da ya zo sa maɓallin rigarsa sai da ya yi sau uku bai shiga ba. Shi ma tsoron yake ji, ya dai ƙi ya bi shi ne, ni kuwa nawa tsoron ya riga ya yi mini jagora.

Al'adar Likita ce ya yi zagayen marasa lafiya da sassafe ya dawo karin kumallo wajen ƙarfe goma. Ranar Juma'a yana fita na yafa mayafi, na bar yara wurin maƙwabciyata, na tari tasi zuwa cikin gari. Na sami Baba a zaure yana shirin fita kasuwa. Yana ganina ya san abin da ya kawo ni. Ya ce 'ya'yan abokinsa sun zo masa tun jiya suna neman ya sa baki, ya ce musu aikin likita ba dillancin atamfa ba ne, ba ya shiga abin da bai sani ba, ko da yake shi ma kwana biyun nan abinci bai wuce masa ba. Na durƙusa na gaya masa zancen hafsa da ruwa da tambayar makarantar yarinya. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san abin da nake yi. Na san a duk faɗin Sakkwato mutum ɗaya ne Likita ba zai iya ce wa a'a ba, kuma na san mutumin nan ba zai iya ce mini a'a ba.

"Inna," in ji Baba, "kin san abin da kika roƙona? In nit tahi, ba shawara za ni ba shi ba, ɗaure shi za ni yi."

Na ce na sani, Baba, gara kai ka ɗaure shi da su ɗaure shi. Ya daɗe yana juya carbi. Sannan ya ce in yi gaba, yana tafe.

Na riga Likita isa gida da kaɗan. Na jera masa koko da ƙosai, ya zauna ke nan aka yi sallama a waje. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya san muryar, amma ya dube ni kamar yana so in ce masa ba ita ba ce. Ya fita ba takalmi. Baba ya ƙi shiga falo, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon yaro. Likita ya tsuguna can gefe cikin rana, ni kuma ina bayan labule ina cizon gefen mayafina. Suka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi yara, aka tambayi zafi, kamar ba abin da ke faruwa a duniya.

Sai Baba ya gyara murya. "Likita, ban zo in koya maka aikinka ba, don ban san shi ba. Mutumin ga da ak kwance can, shekara talatin muna sahu guda da shi. Yau kwananai biyu ba a yi mai sutura ba. Roƙo niz zo yi. Ka yi min wagga alhwarma, don Allah."

Likita ya buɗe baki. Na zaci zai yi bayanin da ya yi wa 'ya'yan mamacin, ya yi wa hafsa, ya yi mini. Dattijon da shekara tara bai taka gidan ba yau ga shi zaune a tabarmarsa yana haɗa shi da Allah. Ya mayar da kansa ƙasa ya ce, "To, Baba."

Baba ya sa masa albarka ya tashi, ko ruwan da na aika bai taɓa ba. Likita ya raka shi bakin titi, ya dawo ya ɗauki makullin mota, ya wuce asibiti don rubuta musu takardar da suke so, ya bar kokon yana sanyi. Ana saukowa daga masallaci aka sallaci mamacin, an ce jama'a har ba masaka tsinke. Washegari 'ya'yansa suka aiko da buhun gero na godiya. Likita ya ce kada ƙwaya ɗaya ta shiga tukunyar gidansa, sai na raba wa maƙwabta. Ni dai murna na yi, ba zan ɓoye ba. Mijina yana gida, motar ba ta dawo ba, a ganina na yi dabara irin ta mata masu hankali.

Bai tambaye ni komai ba, bai kuma yi mini fushi ba. Abin da na lura kawai shi ne ya daina ba ni labarin asibiti. Da can in ya dawo sai na ji wadda ta haifi tagwaye da tsohon da ya ɓoye goro a ƙarƙashin matashi, yanzu sai sannu da gida, sai shiru. Na ce a raina zai wuce.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakin mutanenmu wajen godiya. 'Ya'yan mamacin ba su bar rumfa ɗaya a kasuwa ba sai da suka faɗa cewa Alhaji mai atamfa ne ya fitar musu da gawar tsohonsu, da kalma ɗaya ya lanƙwasa surukinsa likita wanda ya gagari soja ma. Yabo suke yi tsakani da Allah. Har a wurin sadakar bakwai an yi wa Baba addu'a da babbar murya. Kasuwa kuwa ba 'yan kasuwa kaɗai ke da kunne a cikinta ba.

Wajen wata biyu bayan haka, ana gab da azumi, na shiga kasuwa da hantsi in zaɓo wa yara atamfa. Tun daga bakin layi na ga rumfunan maƙwabtan Baba ba kowa, masu su sun sulale. Na ƙarasa na ga hafsan nan zaune a kan bencin da baƙin Baba ke zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Wani soja yana sauko da turamen shadda daga kanta yana jefarwa ƙasa. Baba yana tsaye riƙe da sandar awo, hularsa ta ɗan karkace bai gyara ba. A rayuwata ban taɓa ganin Babana tsaye wani yaro yana zaune ba.

Hafsan ya gane ni, har da fara'a. "A'a, Madam, ashe nan ne gida. Ai mun ji labari, an ce likitanmu yana jin maganar Baba. Da mun sani tun farko da ba mu wahalar da kowa ba." Ya ce akwai wata 'yar takarda da ke jiran sa hannu a asibiti tun safe, shi kuma an kawo masa ƙarar cewa wasu masu atamfa suna ɓoye kaya, don haka zai ɗan zauna nan ya duba har takardar ta iso.

Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Inna, tahi gida."

Ban tafi gida ba. Ban san yadda na isa asibiti ba, na dai tuna takalmina ɗaya ya tsinke na riƙe shi a hannu. Na ratsa layin marasa lafiya ana ta yi mini tsaki, na faɗa ɗakin da yake duba mutane. A baranda akwai soja zaune yana jira. Na gaya wa Likita abin da na gani. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko sun taɓa shi. Na ce ba su taɓa shi ba tukuna. Ya jawo aljihun tebur ya fito da takardar, ashe tun safe yake ƙin sa mata hannu. Wani saurayi ne aka kawo daga inda suke tsare mutane, ya riga ya cika kafin a iso da shi. Likita ya rubuta zazzaɓi, ya sa hannu, ya fita ya miƙa wa sojan da kansa. Da ya dawo ya ce a shigo da na gaba. Wata tsohuwa ce, sai da ya tambaye ta sau uku inda ke mata ciwo, tana faɗa yana sake tambaya.

Da la'asar aka aiko daga gidanmu cewa sun tashi daga rumfa, Baba lafiya lau. Likita ya dawo, ya ce in sauko masa da akwatin ƙarfen da takardun karatunsa ke ciki. Na sauko da shi daga kan kabad, na goge, na ajiye a gabansa. Yana ta fitar da su yana jerawa a kan gado, ni kuma abin da na riƙe wata biyu ya ƙi riƙuwa. Na ce masa ni ce na je na ɗauko Baba ranar nan, ba 'ya'yan mamacin ba ne. Na jira ya yi faɗa, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi.

"Na sani," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Wa ad da ikon tada Baba daga zaurenai in ba ke ba? Ban ga laihinki ba, tsoro kinka ji, ni ma shi nika ji. Amma yanzu sun san hanya. Muddin ina garin ga da alƙalami a hannu, duk wanda sunka kashe rumhwar Baba za su zauna. Yau shadda sunka zubar. Ban san abin da za su zubar gobe ba."

Na ce ko ya bar aikin gwamnati ya buɗe ɗan wurinsa. Ya ce sa hannun likita sa hannun likita ne ko a ina yake zaune, in dai suna iya kaiwa gare shi. Na ce ko mu koma wani gari. Ya ce duk ƙasar kaki ɗaya ne. A ranar ya rubuta wa ɗaya daga cikin abokan nan da yake yi wa dariya.

Ba a yi sallama da kowa ba. Ya nemi hutu ya ce za shi Umara cikin azumi, abin da ba wanda zai yi wa tambaya. Kwanakin da suka rage kafin tafiyarsa su ne mafi tsawo da na sani, duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in miƙe tsaye, na koma kamar mijin maƙwabciyata. Ya je ya gaida Baba a zaure, ya tsuguna inda ya saba, ya ce a yi masa addu'a za shi ɗakin Allah. Baba ya yi masa addu'a mai tsawo fiye da ta mai zuwa Umara. Ya tafi da jaka ɗaya, takardun suna naɗe cikin haraminsa.

Sai bayan wata biyar saƙo ya iso ta hannun wani alhaji da ya dawo, cewa ya sami aiki a asibitin wani ƙaramin gari, ya kama gida, mu taho. Na sayar da abin da zai sayu a hankali, na ce wa unguwa za mu koma cikin gari. Ana gobe za mu tashi na je wa Baba sallama da safe. Na rubuta masa sunan garin da na asibitin da lambar akwatin gidan waya, da boko da kuma ajami don ya karanta da kansa, ya sa a riƙa rubuto mana. Ya sa yaran a cinyarsa ya tofa musu addu'a, ya ba kowace alewa, ya ce su shiga ciki wurin kakarsu. Na fito da takardar na miƙa masa da hannu biyu.

Bai karɓa ba. Ya ce tun bayan tafiyar Likita yaron nan mai kaki ya zo rumfa sau biyu yana tambayar ranar dawowarsa da inda yake, shi kuma ya rantse masa da Allah bai sani ba, aka ƙyale shi.

"Ban taɓa rantsuwa bisa ƙarya ba, Inna, ba ni son in hwara da tsuhwana. Kak ki hwaɗa min garin, kak ki hwaɗa min randa za ku dawo. In sun sake tambaya ta in rantse, ya zan gaskiya nih hwaɗi."

Na ce Baba, to in wani abu ya taso fa, ta ina za a same ni? Ya dubi ƙofar zaure, ya ce in ta Allah ce ta kasance za a yi abin da ya kamata, ba sai an jira kowa ba. Na tsaya da hannuna a miƙe. Sannan na ninke takardar na mayar cikin jakata, na shiga ciki na kira yara.